Yadda ake ganin motsin kuromatin a cikin ƙwayar halitta mai rai

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai shirin fara bincike a kan tsarin kuromatin, wato DNA tare da furotin ɗin da yake naɗe a kansu a cibiyar ƙwayar halitta. Na duba taswirorin Hi-C, dabarar da ke gano wuraren DNA masu kusantar juna, kuma suna nuna cewa wurare biyu a jikin kuromosom kan haɗu su yi madauki. Ina so in ga wannan haɗuwa da idona a ƙwayar halitta mai rai. Ta ina zan fara, kuma me ya fi ɓata irin wannan aiki?

Amsa: Abu ne mai yiwuwa, an kuma yi shi. Amma tun kafin ka taɓa maikuroskof, ka gyara abin da kake sa ran gani. Wanda ya shiga aikin nan da taswirar Hi-C a ransa yakan zaci zai tarar da madauki a ɗaure yana jiransa, kuma ba haka abin yake ba.

Mu fara da girman abin. DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halitta ɗaya ta ɗan Adam, in aka miƙe shi, ya kai kusan mita 2, ga shi kuma an cusa shi a cibiyar da faɗinta bai wuce maikuromita 10 ba. Matakin farko na naɗin shi ne nukiliyosom: tagwayen haruffa 147 na DNA sun zagaye dunƙulen furotin 8 na histon, wato H2A da H2B da H3 da H4, kowanne bibbiyu. Faɗin nukiliyosom ɗaya kusan nanomita 10 ne. Shi kuwa maikuroskof na haske, bisa iyakar da Ernst Abbe ya bayyana a 1873, ba ya iya raba abubuwa biyu masu launi ɗaya da suka fi nanomita 200 zuwa 250 kusa da juna a kwance, a tsaye kuma sai wajen 500 zuwa 700. Ke nan ba zaren kansa za ka gani ba. Ɗigon haske za ka gani, wanda ka liƙa wa wani wuri a jikin zaren, sai ka bi sawunsa.

Ita Hi-C, wadda ta fito a 2009, ƙwayoyi matattu ake yi da ita. Ana sandarar da miliyoyinsu da fomaldihaid, a yayyanka DNA, a ɗinke guntayen da suke kusa da juna, sannan a karanta wa ya manne da wa. Ɗigon da kake gani a taswirar a kusurwar TAD, wato yankin kuromosom da sassansa suka fi haɗuwa da junansu, yana cewa ne iyakokin yankin biyu sun fi maƙwabtansu yawan haɗuwa idan aka tattara ƙwayoyin duka. Bai gaya maka a ƙwaya nawa abin ya faru ba, bai kuma gaya maka minti nawa yake ɗauka ba.

An samu amsar waɗannan tambayoyi biyu kai tsaye a 2022. Ɗakin binciken Anders Hansen a MIT ta Amurka ya sa alama a bakin iyakoki biyu na TAD ɗin Fbn2, mai tsawon haruffa 505,000, a ƙwayoyin asali na tayin ɓera. Sun samu cewa cikakken madauki yana nan ne kashi 3 zuwa 6.5 cikin 100 na lokaci kawai, idan ya ɗauru kuma yakan daɗe kamar minti 10 zuwa 30. Dalilin bai ɓuya ba. Furotin kohesin ne ke hawa zaren yana jan sa ta cikin zobensa, madaukin yana girma, har ya ci karo da furotin CTCF da ke zaune a kan DNA a gefe biyu. To amma CTCF ba ya wuce minti 1 zuwa 2 a mazauninsa kafin ya sauka, kohesin kuma kamar minti 20. Abin da masu riƙe da shi suke sauka suna hawa haka ba zai zauna daram ba. Gwajin FRAP, inda ake ƙone hasken wani ɗan yanki da leza a ga saurin dawowarsa, ya daɗe da nuna irin wannan bambanci: H2B yana ɗaukar sa'o'i kafin ya musanyu, histon H1 mintuna, furotin HP1 kuwa daƙiƙoƙi, duk da cewa shi ne ake dangantawa da kuromatin mai taurin naɗi.

Wannan shi ne zai tsara maka komai. Abin da kake nema ba ya yawan faruwa, saboda haka kana buƙatar ɗauka mai tsawo, sa'a 1 zuwa 2, a ƙwayoyi ɗaruruwa. Ɗauka mai tsawo kuwa tana cin haske, haske kuma yana cutar da ƙwayar.

Batun alama shi ne zai fi cin lokacinka, watanni ba makonni ba. Idan kuromatin ɗin cibiya gaba ɗaya kake son gani, H2B da aka haɗa da GFP, furotin mai koren ƙyalli, wanda ake amfani da shi tun 1998, ya wadatar, ko kuma rinin SiR-DNA da ake haskawa da jan haske wajen nanomita 650. Ka guji Hoechst a ɗauka mai tsawo, domin hasken da yake buƙata na kusa da nanomita 350 zuwa 405 yana lalata DNA. Ko SiR-DNA ɗin ma ka riƙe shi ƙasa sosai da maikuromola 1, ka fara gwaji daga nanomola 100 zuwa 250. Amma waɗannan duk ba za su nuna maka wuri takamaimai ba, kai kuma wurare biyu takamaimai kake nema.

Hanya mafi tsufa ita ce ta LacO da LacI, wadda ɗakin Andrew Belmont ya fitar a 1996. Ana dasa jerin maimaituwar LacO, wani ɗan guntun DNA na bakteriya, har sau 256, kusan haruffa 10,000, a wurin da ake so, sai furotin LacI mai ƙyalli ya taru a kansu. Ɗigon yana da haske ƙwarai, sai dai dogon jeri mai maimaituwa yakan jawo taurin naɗi a wurin, furotin da ya kama shi da ƙarfi kuma yakan tare hanyar kwafin DNA. TetO da TetR ma haka suke aiki. Tsarin ParB, wanda ake kira ANCHOR, ya fi sauƙin nauyi: guntu ne na kusan haruffa 1,000 marar maimaituwa, furotin ɗin ya kama shi sannan ya bazu a gefensa. Sai kuma dCas9, wato Cas9, furotin mai yanka DNA a wurin da RNA mai jagora ta nuna masa, da aka kashe wa kaifin yanka, wanda ɗakin Bo Huang ya nuna amfaninsa a 2013. Daɗinsa shi ne ba ka dasa komai a kuromosom. Yana aiki da kyau a wuraren da suke maimaituwa da kansu, irin su telomiya, wato ƙarshen kuromosom. A wurin da ba ya maimaituwa kuwa sai ka jera RNA masu jagora gommai kafin ɗigo ya fito, kuma dCas9 da bai samu abin kamawa ba yakan taru a nukiliyolas, wani dunƙule a cikin cibiya, ya cika hoton da hazo. Ga irin tambayarka, ni na fi ba da shawarar dasa tsari biyu daban, misali TetO a iyaka ɗaya da ANCHOR a ɗayar, kowanne da launinsa. Aikin dasawa ya fi wahala a farko, amma ɗigon yana fitowa iri ɗaya a kowace ƙwaya, wannan kuma shi ne abin da lissafi yake so.

Akwai kurakurai uku a nan da ba a gane su sai an gama ɓata lokaci. Na farko, dole alamomin biyu su kasance a kan kwafi ɗaya na kuromosom. Idan ɗaya ta faɗa a kwafin uwa, ɗaya a na uba, tazarar da za ka auna ba ta da alaƙa da madauki ko kaɗan. Shi ya sa ba a son layin ƙwayoyin HeLa a wannan aiki, domin adadin kuromosom ɗinsa a hargitse yake. Layin RPE-1 ko HCT116 ko ƙwayoyin asali na tayin ɓera sun fi dacewa. Na biyu, kada ka dasa alama a kan mazaunin CTCF ɗin kansa. Ka ba shi tazarar 'yan dubban haruffa, ka kuma san cewa saboda wannan tazara, ko da madauki ya ɗauru tsaf, ɗigogin biyu ba za su hau kan juna daidai ba. Na uku shi ne yawan furotin mai ƙyalli. Mutane sukan zaɓi ƙwayoyin da suka fi haske, alhali su ne mafi muni. Mazaunai a jikin alamar ƙayyadaddu ne, da zarar sun cika, duk furotin da ya ƙaru yawo kawai yake yi a cibiya yana dusashe ɗigon. Ka tace ƙwayoyin ka ɗauki masu ɗan haske kaɗan, waɗanda cibiyarsu ke da duhu amma ɗigon ya fito fes.

Game da launi, in da hali ka yi amfani da HaloTag, furotin da ke kama rinin da aka zuba masa, da rini irin JF646 ko JF549 maimakon GFP. Sun fi haske, sun fi jure koɗewa, kuma ana haska su da leza ta nanomita 640 ko 561, wadda ba ta kai shuɗiyar 488 cutarwa ba. Yawanci nanomola 50 zuwa 100 na minti 15 zuwa 30 ya isa, sannan a wanke sau biyu ko uku, a bar ƙwayoyin su huta a sabon ruwan reno domin rinin da bai kama ba ya fita.

Yanzu ga lissafin hasken. A ce za ka ɗauki hoto kowace daƙiƙa 20 har sa'a 2. Sau 360 ke nan. Kowane karo kana buƙatar yanka kamar 15 daga ƙasan ɗigon zuwa samansa, tazarar nanomita 250 zuwa 300 tsakani, a launi 2. Jimla, ka haska ƙwaya ɗaya sau 10,800. Hasken da ƙwaya za ta iya ɗauka kamar guzuri ne na tafiya mai nisa: abin da ka kashe wajen ƙawata hoton farko, shi za ka rasa a hoto na 300. Saboda haka ka rage ƙarfin leza har zuwa inda manhajar bin sawu take iya gano ɗigon da kyau, ka tsaya nan, ko da hoton bai yi wa ido daɗi ba. Maikuroskof mai faifai mai juyawa ya fi mai bin ɗigo-ɗigo sauƙi ga ƙwaya. Mai haska siririn shafi ɗaya kawai, irin wanda ɗakin Eric Betzig ya fitar a 2014, ya fi su duka rangwame idan akwai shi. Lensin gaba ya zama mai ƙarfin tara haske (NA) na 1.4 ko kusa da haka, fiksel kuma kada ya wuce nanomita 100 zuwa 110 a jikin samfurin.

Illar haske ba ta tsaya ga koɗewar rini ba, kuma wannan ne na fi so ka riƙe. Haske yana haifar da nau'o'in iskar oksijin masu ƙuna, musamman idan ruwan renon yana da ribofilabin, su kuma suna karya DNA. Karyewar DNA kuma da kanta tana sauya motsin kuromatin. Wato kana iya zama kana auna raunin da lezarka ta yi, kana zaton halin ƙwaya ne. Alamomi na zahiri, irin su ƙwaya ta dunƙule ko fatarta ta yi ƙuraje, suna zuwa ne a makare. Gwajin da ya fi su shi ne rabuwa: bayan ɗaukar, ka bar farantin a kan na'ura da hasken fari kawai, ka ga ko ƙwayoyin da ka haska sun rabu gida biyu a kan lokaci kamar maƙwabtansu da ba a haska ba. Kana kuma iya sandarar da su ka ƙirga ɗigogin γH2AX ko 53BP1, waɗanda ke nuna karyewar DNA. Wata hanya mai arha ita ce ka kwatanta motsin minti 20 na farko da na minti 20 na ƙarshe. Idan sun bambanta ba tare da ka ƙara komai ba, hasken ne.

Yanayin da ƙwayar take ciki sananne ne: digiri 37, iskar CO2 kashi 5 cikin 100, ruwan reno marar jan rinin finol, faranti mai gindin gilashi lamba 1.5, wato kaurin milimita 0.17. Ka kunna ɗumin na'urar aƙalla sa'a 1 zuwa 2 kafin ka fara, in ba haka ba ƙarfe yana buɗewa saiti yana gocewa. Lensin da ake ɗiga wa mai ma yana zuƙe ɗumi daga daidai wurin da kake kallo, sai an sa masa nasa abin ɗumamawa. Abin da aka fi mantawa shi ne ƙafewar ruwa. Ƙarfin gishirin ruwan reno yana kusa da miliosmol 290. Idan ya ƙafe gishirinsa ya ƙaru, ruwa yana fita daga cibiya kuromatin ya cure, idan kuma ƙarfin ya kai ninki biyu curewar tana bayyana cikin 'yan mintuna. Ka bar murfi a kan farantin, ka sa danshi a akwatin. Duk maganin da za ka ƙara a tsakiyar ɗauka, ka narkar da shi a ruwan reno mai ɗumi ɗaya.

To, ka samu fim. A nan ne ake yawan yaudarar kai, don haka bari in tsaya a kansa.

Launi biyu suna ba ka damar tsallake iyakar Abbe, domin ba raba ɗigogin kake yi da ido ba, tsakiyar kowanne kake lissafawa a hotonsa daban. Daidaiton wannan lissafi yana ƙaruwa da yawan foton, wato ƙwayoyin hasken da kyamara ta kama: in ka ninka foton sau 4, kuskuren ya ragu da rabi. A ƙwaya mai rai, da ƙaramin haske, kuskuren nanomita 30 zuwa 50 a kwance abu ne da aka saba, a tsaye kuma ya fi haka ninki biyu ko uku. Duba abin da wannan ke haifarwa. A ce kuskuren kowane ɗigo nanomita 40 ne a kowace fuska. Bambancin ɗigo biyu zai zama da kuskuren kusan 57 a kowace fuska, idan ka haɗa fuskoki uku kuma kusan 98. Wato ko da alamomin biyu suna wuri ɗaya tak, ma'auninka zai ce akwai kusan nanomita 100 tsakaninsu, domin tazara ba ta zama ƙasa da sifili, kuskure kullum ƙara ta yake yi. Wuraren da haruffa 500,000 suka raba kuwa, ko babu madauki, 'yan ɗaruruwan nanomita ne tsakaninsu, kuma sukan gifta kusa da juna haka kawai cikin yawonsu. Don haka wanda ya ja layi ya ce duk abin da ya yi ƙasa da nanomita 150 madauki ne, ya yi kuskure ta fuska biyu: zai ƙirga giftawa a matsayin madauki, ya kuma yanka madauki ɗaya gida-gida duk lokacin da kuskure ya tsallaka layin. Abin da ke bambanta madauki da giftawa shi ne daɗewa a kusa, shi ya sa ake amfani da lissafin da ke duba jerin lokaci gaba ɗaya, ba hoto ɗaya-ɗaya ba.

Sai karkatar launi. Lensi ba ya tara ja da kore a wuri ɗaya daidai, bambancin kuma yakan kai nanomita gommai zuwa sama da 100, yana ƙaruwa zuwa gefen hoto. A kowace ranar aiki ka ɗauki hoton ƙananan duwatsun gwaji masu launuka da yawa, irin TetraSpeck na nanomita 100, da saiti ɗaya da na ƙwayoyin, ka fitar da gyaran da za ka yi wa kowane sashe na hoton. Idan na'urarka tana ɗaukar launukan ɗaya bayan ɗaya, ka sa ta sauya launi a kowane yanka, ba sai ta gama yankan launi ɗaya duka ba, domin kuromatin yana gusawa nanomita gommai cikin daƙiƙa guda. Kyamara biyu masu ɗauka lokaci ɗaya sun fi.

Cibiya kanta tana tafiya tana kuma juyawa. Mai bin ɗigo ɗaya dole ya cire wannan motsi, in ba haka ba tafiyar ƙwaya zai ɗauka a matsayin motsin kuromatin. Kai da kake auna tazarar ɗigo biyu ka huta da mafi yawan wannan matsala. Amma akwai wadda ba za ka huta da ita ba: bayan an kwafi DNA a zangon S na rayuwar ƙwaya, kowace alama ta zama biyu. Wani lokaci suna rabuwa a gani, wani lokaci suna manne su zama ɗigo ɗaya mai ɗan tsawo, manhaja kuma ta riƙa tsalle tsakaninsu, sai ka ga motsi mai sauri na ƙarya. Ka cire duk ƙwayar da ɗigonta ya taɓa rabuwa ko sau ɗaya a fim ɗin. Alama irin FUCCI, mai nuna zangon da ƙwaya take ciki, tana taimakawa, sai dai tana cinye launukan da kake buƙata.

Domin sanin ko bin sawunka lafiya yake, ka lissafa matsakaicin murabba'in gusawa a kan lokaci. Abin da ke yawo sakaka, wannan adadi yana ƙaruwa daidai da lokaci. Kuromatin a ɗaure yake da sauran zaren gaba da baya, saboda haka nasa yana tafiya ne da lokaci a ƙarfin kusan 0.5: idan lokaci ya ninka sau 100, murabba'in ya ninka sau 10, ainihin gusawar kuma sau 3 da ɗan kai. Idan ka samu ƙarfin da ya yi ƙasa da haka sosai a gajerun lokuta, kusan kullum kuskuren gano tsakiya ne ya danne layin. Idan ya haura 1 a dogayen lokuta, gocewar na'ura ce ko tafiyar cibiya. Ka sandarar da wasu ƙwayoyin da farafomaldihaid kashi 4 cikin 100 na minti 10, ka ɗauke su da saiti ɗaya. Duk motsin da ka gani a cikinsu na na'urarka ne, shi ne kuma ƙasan abin da za ka iya da'awa.

Sauran gwajin kwatanci su ne za su ba sakamakonka ma'ana, kuma ya kamata ka gina su tare da babban layin ƙwayoyinka tun farko. Layi ɗaya da za a iya rushe RAD21, wani ɓangare na kohesin, da tsarin oksin, sinadarin tsiro da ke sa a rushe furotin da aka yi wa alamar rushewa, cikin sa'a 1 zuwa 'yan sa'o'i: wannan zai nuna maka yadda tazarar take idan babu mai jan madauki sam, kuma ya kamata ta ƙaru. Layi na biyu da za a rushe CTCF, inda kohesin ke ci gaba da jan madauki amma babu mai tare shi. Na uku, wanda aka yanke DNA ɗin da ke tsakanin iyakokin biyu har alamomin suka zama maƙwabta na dindindin. Shi ne yake nuna maka kamannin madauki a na'urarka, da kuskurenta da komai. Da waɗannan iyakoki biyu, babu madauki da kuma kullum a haɗe, za ka iya cewa ƙwayar asali tana ina a tsakani. Oksin ɗin kansa ka gwada shi a ƙwayoyin da ba su da alamar rushewa, don kada tasirinsa ya shiga lissafi.

Kafin ka zuba watanni a ɗaukar fim, ka tabbatar da abu biyu a kan layin da ka gina. Ka yi FISH, wato ka sa guntun DNA mai rini da zai manne wa wurin, ka ga ya faɗa daidai kan ɗigon mai ƙyalli, domin guntun da aka dasa yakan shiga wani wuri daban ba a sani ba. Sannan ka maimaita Hi-C ko 4C, danginta mai duba wuri ɗaya, a kan wannan yanki a ƙwayoyin da aka sa wa alama, furotin mai ƙyalli yana ciki, ka kwatanta da na ƙwayoyin da ba a taɓa ba. Idan ɗigon kusurwar TAD ya raunana, ko CTCF ya rage kama mazauninsa a gwajin ChIP, mai nuna inda furotin ke kama DNA, alamar ta yi kusa da yawa, sai ka matsar da ita ka sake dasawa.